Sawu a Ƙwaƙwalwar Lamba Uku

Da hantsi farantin ƙarfe ya sauko a kan Bang Gicheol, kafin a buga ƙararrawar abincin rana duk ma'aikatar ƙera jiragen ruwan ta gama shari'a. Pyo Dongsik ne ya kashe shi, abin da kowa ke faɗa ke nan, daga masu walda har matan da ke zuba miya a kantin abinci. Shi ne a can sama cikin kejin injin ɗaga kaya Lamba Uku, hannunsa ne a kan sandar tuƙi. Bang kuwa yana ƙasa da usur a baki yana ba shi alama, kamar yadda suka saba shekara da shekaru. Farantin ya zo daidai inda ya kamata ya tsaya, sai ya zarce.

Ga kuma maganar da Pyo ya faɗa. Kwanaki kafin nan, a kantin abinci, Bang ya miƙe a gaban jama'a ya ce hannun Pyo ya fara rawa, ƙugiya na zabura a ƙarƙashinsa, ya sauko ya ba matasa wuri tun bai hallaka wani ba. Pyo ya buga cokali a tebur ya ce, "Ci gaba da surutu, wata rana a tsakiyar kanka zan sauke maka." Maganar zafin rai ce, irin wadda mazan wurin nan ke yi kullum su wuce su sha giya tare. Amma da aka ɗauke gawa sai kowa ya tuna ta, har waɗanda ba sa wurin ma suka rantse sun ji da kunnensu. Halin mutanen garin nan ke nan, in an yi ca a kan mutum ba mai yarda a bar shi a baya.

Sufeto Yeo, wanda aka ba binciken, shi ma ya so ya rufe maganar ya huta. Mai gabatar da ƙara ne ya ce ba zai karɓa ba sai an buɗe ƙwaƙwalwar injin an duba. Shi ya sa aka aika wa Eom Miran.

Miran mai bin sawu ce, amma ba a ƙasa take bin nata ba. In inji ya yi ɓarna, ita ake kira ta shiga rubutun umarnin da ke tafiyar da shi, layi bayan layi, har ta kamo inda ƙafa ta zame. Gajeriyar mace ce, ta haura arba'in, fara'arta ba yawa. 'Yar garin ce, kuma a ofishin injiniyoyin wannan ma'aikatar ta koyi sana'a kafin ta koma birnin Daejeon. Ba ta so dawowar ba. Amma ta san in ba ta samo komai ba, Pyo zai ƙarasa tsufansa a kurkuku da sunan wanda ya kashe abokin aikinsa da gangan.

*

A ɗakin ganawa na ofishin 'yan sanda ta same shi. Ya rame, gemu ya tsiro masa fari-fari.

"Kawu Pyo, ka gane ni?"

Ya ɗago ido. "'Yar mai kifin bakin kasuwa. Ashe ke suka kawo. Kin ci abinci?"

"Na ci. Kawu, me ya faru a sama?"

"Ban sani ba." Ya ɗora hannayensa a tebur yana kallonsu. "Na dawo da sanda tsakiya. Ina jin na dawo da ita. Amma sun tambaye ni, sun sake tambaya, har na daina sanin abin da na sani. Sufeto ya ce in na amsa cewa raina ne ya ɓaci za a sassauta mini."

"Kar ka amsa komai. Abin da Bang ya faɗa, cewa ƙugiya na zabura, gaskiya ne?"

Pyo ya sunkuyar da kai.

"Gaskiya ne. Tun ƙarshen sanyi. Takan ɗan motsa ita kaɗai, kamar mai shaƙuwa, sai ta dawo daidai. Na ɗauka hannuna ne ya fara cin amanata, shi ya sa ban gaya wa kowa ba. Kin san abin da ake yi da tsohon da hannunsa ke rawa a wurin nan. Da Bang ya faɗa a gaban mutane, abin da ya ƙona ni shi ne bai yi ƙarya ba."

"Wane lokaci take yi?"

"Ba ta da lokaci. Wata rana ta yi ta maimaita, wani makon ko sau ɗaya."

Miran ta fito ranta a jagule, don ta ga mutumin ya fara taya su tuhumar kansa.

*

'Yan sanda sun kewaye Lamba Uku da igiyar hana shiga. Miran ta hau, ta buɗe akwatin ƙarfen da ke bayan kujerar direba, ta zaro katin da ke ɗauke da manhajar injin. Sufeto Yeo ya biyo ta har ɗakin gwaji yana haki.

"Wai me kike nema takamaimai? Ki yi mini da yaren mutane."

"Ka taɓa ganin matarka na auna gishirin miya aka buga ƙofa?"

"Matata ta daɗe da tattara kayanta."

"Ban yi mamaki ba. To, uwarka. Ƙwaƙwalwar injin nan tana da 'yan hannaye ƙanana, mu muna ce musu rajista. Duk lambar da take lissafi da ita a cikinsu take riƙe, tsawon igiya ne, nauyin kaya ne, saurin sauka ne. Kuma tana cikin aiki ake katse ta, ba hutu. Agogo ya kira, ma'aunin nauyi ya kira, wani kuskure ya faso. Duk sanda aka kira, uwar manhaja, wadda ke kula da komai, dole ta kwashe abin da ke hannayen nan ta ajiye, a amsa kiran, sannan ta mayar wa kowane hannu da abinsa. Wurin da ake wannan ajiya da mayarwa shi muke kira ƙofa. In an yi daidai, aikin zai ci gaba bai ma san an katse shi ba."

"In ta manta hannu ɗaya fa?"

"Mai kiran ya bar tasa lambar a ciki ya tafi. Uwarka ta dawo ta zuba abin da ta tarar a hannunta, tana zaton gishiri ne."

Sufeto ya sosa ƙeya. "To duba mana."

Ta duba. Yini ta yi tana katse ƙwaƙwalwar ta kowace hanya da ta sani, ta kira ta tana ɗagawa, ta kira ta tana saukewa, ta haɗa mata kira a kan kira. Ƙofar ba ta zubar da ko lamba ɗaya ba. Tana ajiye rajistar cikakkun lambobi, tana ajiye na lambobi masu ɗigo, irin su biyu da ɗigo biyar, tana mayar da kowanne tsaf.

"Injin lafiyarsa lau ke nan," in ji Sufeto, har da murmushi. "Ni dama na faɗa, hannun mutum ne."

*

Washegari Manaja Byeon, shugaban sashen injiniyoyi, ya tare ta a baranda ya rage murya.

"Ba wai na ce akwai matsala ba fa. Amma in har akwai, abu ɗaya aka ƙara a manhajar nan bana, na'urar auna iska. Gong Hyerim ce ta rubuta. Mai ƙaramin yaro ce, kin gane, hankalinta rabi a nan rabi a gida."

Tir! Ko kunya bai ji ba, tun kafin a samo laifi ya tanadi wadda za a shafa wa kashin kaji.

Hyerim siririyar mace ce, ta ɗan wuce talatin. Tana ganin Miran ta miƙe ta rusuna, ta buɗe rubutunta a allon kwamfuta ba tare da an tambaye ta ba. Rubutu ne mai tsabta: in iska ta haura iyaka, na'urar ta kira, a lissafa ƙarfinta, a kunna wa direba jan fitila. Miran na cikin karantawa ta tsaya cak a kan wani layi.

"Kin yi lissafin lambobi masu ɗigo a cikin amsa kira."

"Eh, Yaya. Ai iska ba ta zuwa da cikakkiyar lamba."

"Ba wanda ya gaya miki ba a yin haka a nan?"

"A ina aka rubuta? Duk abin da aka ba ni na karanta."

Ba a rubuta ko'ina ba, Miran kuwa ta san inda ita ta ji. Malam Seok Manjae, babban injiniyan ma'aikatar, shi ya rubuta uwar manhajar nan da hannunsa tun lokacin da ƙwaƙwalwar inji ke jan ciki. Don ya rage ɓata lokaci, ya sa ƙofar tana ajiye rajistar cikakkun lambobi kawai, ya kafa doka cewa kar wanda ya taɓa masu ɗigo a cikin amsa kira. Amma Malam ba ya koyarwa a ofis. Sai an tashi aiki an tafi gidan gashin nama, na ƙasa sun durƙusa suna zuba masa giyar soju da hannu biyu, suna kau da fuska in za su kurɓi nasu, in kwalabe suka fara yawa, sannan bakinsa ke buɗewa. A wannan teburin ake raba ilimin sashen. Hyerim kuwa ana tashi take rugawa ɗauko ɗanta a gidan raino, kuma ba wanda ya taɓa ce mata ta zo.

Sai dai ƙofar da Miran ta gwada jiya tana ajiye masu ɗigon. Ke nan tsohuwar dokar ta mutu, rubutun Hyerim ba zai cutar da kowa ba. Sawu ya sake ɓace mata.

"Akwai abin da kike so ki gaya mini?"

Hyerim ta saci kallon ofishin Malam Seok, ta sunkuyar da kai. "Babu, Yaya."

*

Da rana Malam Seok ya kai Miran cin miyar kifi a bakin tashar jiragen ruwa. Gashinsa ya yi fari fat, rigarsa a goge kamar kullum. Shi ya tsaya mata lokacin da ba mai son ganin mace a ofishin nan, kuma har gobe in ta zauna gabansa sai ta ji ta koma ɗaliba. Ya tsamo tsokar kifi mafi kyau ya ɗora mata a kan shinkafa.

"Ci, Miran tawa. Mutanen Daejeon ba sa ba ki abinci ne?"

"Malam, yaushe ka ƙara ajiyar masu ɗigo a ƙofa? A zamaninmu babu."

Ko ƙyafta ido bai yi ba. "Tuni, bayan tafiyarki. Ƙwaƙwalwar zamani tana da sauri, an daina rowar lokaci."

"Kawu Pyo ya ce ƙugiyar na zabura."

"Pyo mutumin kirki ne, amma ya tsufa. Ni ma na tsufa, ƙarshen shekara zan ajiye aiki. Ki rubuta abin da kika gani ki koma gida, kar ki ɗora wa kanki abin da ba naki ba."

Ta yarda da shi. Wa kuma za ta yarda da shi in ba shi ba? Ta ci kifin, ta yi godiya, ta koma ma'aikata da niyyar haɗa jakarta.

*

Ta bi ta inda Bang ya faɗi. An jera fararen furanni a wurin, wani ya ajiye kofin soju da sigari guda. Ta rusuna, ta ɗan tsaya.

Can gaba Lamba Biyar na riƙe da wani ƙaton bututu a sama, yana jiran a ba shi alama. Sai iska ta taso daga teku da ƙarfi, ta watsa furannin. Miran ta ɗaga kai ta ga 'yan kofunan na'urar auna iska na juyi a ƙololuwar injin. Bututun ya zabura ƙasa kusan kamu guda, ya tsaya cak. Mai usur ya yi tsalle baya yana zagi.

"Kai, Yaya! Barci kake a can?"

Muryar direban ta fito a rediyon hannu. "Ban taɓa komai ba, ɗan banza!"

Miran ba ta ɓata lokaci ba. Ta ruga ta kama mai usur ɗin ta ce kowa ya fita daga ƙarƙashin kayan, ta kira Sufeto ta ce a tsayar da duk injunan ɗaga kaya yanzu-yanzu. Manaja Byeon ya zo yana kumfar baki, wai akwai jirgin da za a miƙa wa masu shi, wai wa ya ba ta iko. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta hau injunan ɗaya bayan ɗaya ta zare katunansu, shida ne da Lamba Uku, ta kulle kanta a ɗakin gwaji.

Biyar daga ciki tsohuwar ƙofa ce da su, wadda ta haddace tun tana ɗaliba, ba ta ajiye masu ɗigo. Sabuwar ƙofa a inji ɗaya kawai take, wanda ya yi kisan.

Ta buɗe sabbin layukan ta karanta a hankali. An kwashe rajistar daga na ƙarshe zuwa na farko. Bayan an mayar da su kuma, kafin a koma bakin aiki, akwai wani umarni guda na banza, wanda ba ya cewa komai sai "dakata". Miran ta daɗe tana kallonsa.

*

Da safe Sufeto Yeo ya tara su a ɗakin taro: Manaja Byeon, Gong Hyerim, Malam Seok, da shugaban ƙungiyar ma'aikata. Matar marigayi Bang ta zo cikin baƙaƙen kaya, ba wanda ya gayyace ta, ba kuma wanda ya iya ce mata ta fita. Masu walda sun cika tagogi.

Miran ta ɗora ƙwaƙwalwar gwaji a tebur, ta saka mata katin Lamba Biyar, ta jona na'urar auna iska.

"Lambar da kuke gani a allon nan ita ce inda ƙugiya take zaton za ta tsaya. Ba wanda ke taɓa sanda. Sufeto, kunna fanka."

Fanka ta juya, kofunan suka juya. Lambar ta daɗe ba ta motsa ba, har Byeon ya fara gyaran murya. Sai ta yi tsalle ta zama wata daban, ta dawo. Wani a taga ya ce, "Kai!"

"Wannan da ta leƙo, ƙarfin iska ne," in ji Miran. "Na'urar ta kira, an amsa, an bar lambar iska a hannun da ke riƙe da tsawon igiya. Sai kiran ya faɗo daidai tsakiyar wannan lissafin abin ke faruwa, shi ya sa ba ya da lokaci. Yawanci injin na gyara kansa a lissafi na gaba, ƙugiya ta zabura ta dawo. Ranar da Bang ya rasu, farantin ya riga ya kusa ƙasa, ba sauran wurin dawowa."

Byeon ya nuna Hyerim da yatsa. "Ai na faɗa! Rubutun yarinyar nan ne!"

"Zauna, Yallaɓai. Hatiminka ne a kan rubutun, ka buga ba ka karanta ba. Ta karya dokar da ba a taɓa faɗa mata ba, don a teburin giya kuke ajiye ta. Wannan sakaci ne, kuma na ku duka ne. Laifin da na zo nema daban ne."

Ta zare katin, ta saka na Lamba Uku. Fanka ta yi ta juyi, lambar ko gezau.

"Injuna shida, ciwo ɗaya. Biyar har yanzu suna da shi. Wanda ya yi kisan ne kaɗai ya warke. Wani ya hau bayan Bang ya faɗi, kafin 'yan sanda su ɗaure wurin, ya canja kati. Kuma wanda ya zo da magani a aljihu ya san ciwon tun kafin ranar."

Sufeto ya ce, "Mai gadi ya rantse mini ba wani baƙo da ya hau."

"Ai ba baƙo ba ne. Ka sake tambayarsa wa ya riƙe wa tsani." Ta juya allon ya fuskance su. "Kun ga layin nan? Umarnin banza ne, dakatawa kawai. Wata tsohuwar ƙwaƙwalwa da aka daina ƙerawa tun kafin Hyerim ta shiga makaranta ita ke buƙatarsa, in ba a sa ba ta yi tuntuɓe. Ta yanzu ba ruwanta da shi. Amma hannun da ya saba ba ya iya bari. Mutum biyu na sani da ke rubuta shi har yau. Ni ce ɗaya, don haka aka koya mini, kuma ranar ina Daejeon."

Ba ta kalli Malam Seok ba, ba za ta iya ba. Kowa kuwa shi yake kallo.

Hyerim ta miƙe. "Na gaya wa Malam tun farkon damina. Na ga lambar tana tsalle a gwaji, ban gane dalili ba. Ya ce zai duba, kar in tayar wa mutane da hankali. Da na sake tambaya, ya ce ni na fara aiki ko shi?"

Malam Seok ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Na gane ciwon a ranar da ta gaya mini," ya ce a hankali. "Na rubuta gyaran. Amma kafin a saka shi dole a tsayar da komai, a kira masu duba lafiyar injuna, a rubuta cewa ƙofar Seok Manjae na da rami. Tun da na rubuta ta ba ta taɓa zubar da lamba ba. Na ce bari in jira hutun bikin kaka, in canja su shiru, ba wanda zai sani. Saura kaɗan a yi hutun."

"Sauran biyar ɗin fa, Malam?" Miran ta ɗago yanzu, idonta ya kaɗa. "Bayan ka ga gawar, ka bar su suna aiki. Jiya saura ƙiris bututu ya danne wani a gabana."

"In na taɓa duka, za a tambaya."

"Kawu Pyo fa?"

Malam ya mayar da tabaransa. "Na zaci za su ce hatsari ne su sake shi. Ban san ya yi wannan maganar a kanti ba."

"Amma ka ji daga baya. Kuma jiya ka ɗora mini kifi a shinkafa ka ce ya tsufa."

Matar Bang ce ta tashi, ta zagayo teburin har gabansa. Mutane suka ɗauka za ta mare shi, Sufeto har ya matso. Ba ta ɗaga hannu ba.

"Ka zo gidan makoki," ta ce. "Ka kunna turare, ka durƙusa wa hotonsa, na zuba maka miya da hannuna. Matar Pyo ta zo na sa aka kore ta daga bakin ƙofa." Ta juya ta fita. Mazan da ke taga suka dare mata hanya, kowa kansa a ƙasa.

Da Sufeto ya kama hannun Malam, Miran ta ga jikinta ya rusuna masa shi kaɗai, kamar yadda ya saba. Ta tsani kanta a kan wannan rusunawar.

*

Ranar da aka saki Pyo ana yayyafi. Miran ta jira shi a bakin ofishin 'yan sanda da farar awara a leda, irin wadda ake ba wanda ya fito daga tsare. Matarsa na gefe da lema, tana ta share ido. Daga ma'aikata ba wanda ya zo, kunya ta hana su.

Ya gutsiri awarar ya tauna. Miran ta yi masa bayani daki-daki, iska, da kiran, da lambar da aka bari a hannun da ba nata ba.

"Ke nan na dawo da sandar tsakiya."

"Ka dawo da ita, Kawu. Ba ka yi kuskure ba, ko a ranar, ko kafin ranar."

Ya gyaɗa kai. Ta zaci zai yi murna, ko ya zagi Malam Seok, ko ya tambayi aikinsa. Sai ya tsaya yana kallon hanya.

"Akwai abin da ban gaya wa Sufeto ba," ya ce. "Da farantin ya taho, Bang bai gudu ba. Ya ɗago kai ya kalli keji. Daga can sama ana ganin fuskar mutum sarai. Ni ya kalla, Miran. Tun muna samari muke aiki tare, ni na yi masa babban aboki a bikinsa." Ya juyo ya dube ta. "Ke da kike karanta abin da ke cikin inji, gaya mini. Ya san ba ni ba ne?"

Ƙarya ta zo mata har bakin leɓe, mai sauƙi, ba wanda zai kama ta. Amma ta ga abin da ƙarya ta yi wa mutumin nan.

"A'a, Kawu. Bai sani ba."

Pyo ya miƙa wa matarsa sauran awarar. Ya zauna a kan matakala a cikin ruwan, ya rufe fuska da hannu biyu, ya fashe da kuka yana kiran sunan Bang.